Sentinel-2 da Copernicus Browser: ra'ayina bayan shekara uku ina aiki da hotunansa

Wani abokin aikina ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ranar nan ya ga na buɗe Copernicus Browser, shafin intanet ɗin da ake kallon hotunan tauraron Sentinel-2, a kwamfuta ina duba hoton tauraron ɗan'adam, sai ya jawo kujera ya ce in nuna mishi motarsa da ya faka a waje yanzu-yanzu. Na ce mishi ba zai yiwu ba. Ya ce toh ko rufin gidansu ne. Na ja taswirar na kai wurin, na yi ta zumin har hoton ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai kaman tayil ɗin banɗaki, na ɗora mishi yatsa a kan wani ɗigo mai ɗan haske na ce ina jin nan ne. Ya kalle ni ya ce wai wannan ne abin da kake ta kurantawa kullum? Ai Google Earth ya fi shi nesa ba kusa ba. Ya tashi ya yi tafiyarsa.

Ban ga laifinsa ba gaskiya, ni ma da irin wannan tunanin na shigo. Amma yau kusan shekara uku kenan ina amfani da hotunan Sentinel-2 wajen aikin taswira da bibiyar tsirrai da ruwa, kuma in aka ce in ba shi maki zan ba shi huɗu da rabi cikin biyar ba tare da na tsaya dogon nazari ba. Abin da na lura shi ne yawancin masu kushe shi ba su san yadda tauraron yake zagaya duniya ba ne, alhali kusan duk abin da za ka samu da wanda ba za ka taɓa samu ba daga wannan zagayen ya fito, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa kafin in zo kan shafin kansa.

Sentinel-2 na cikin shirin Copernicus na Tarayyar Turai, hukumar sararin samaniyar Turai ESA ce ke kula da shi, kamfanin Airbus ne ya jagoranci ƙera shi, kuma daga Darmstadt a Jamus ake sarrafa tafiyarsa. Ba guda ɗaya ba ne, an tsara biyu su riƙa aiki tare kaman tagwaye. Na farko 2A an harba shi 23 ga Yuni 2015, sai 2B ranar 7 ga Maris 2017, sai 2C a Satumba 2024, dukkansu a kan rokar Vega daga Kourou a yankin Giyana na Faransa. Kowanne nauyinsa ya ɗan haura tan ɗaya, an tsara shi ya yi shekara bakwai da 'yan watanni amma an zuba mishi man da zai kai shekara 12, kuma 2A ya wuce wa'adinsa tuni, a farkon 2025 ne 2C ya karɓi gurbinsa. Hotunan kyauta ne ga kowa a duk inda yake a duniya, ko dan karatu ko dan kasuwanci, abin da suke so kawai ka ambaci inda ka samo.

Toh ga zagayen. Tauraron yana nisan kilomita 786 daga ƙasa, yana gudun kusan kilomita bakwai da rabi a sakan ɗaya, yana gama zagaye ɗaya cikin minti 100 da 'yan sakanni, wato sau 14 da ɗan ɗoriya a rana. Mutane da yawa in an ce tauraron ɗan'adam sai su ɗauka irin na dish ɗin talabijin ne da ke tsaye cak a wuri ɗaya yana kallon ƙasa dare da rana, wancan yana can kilomita 35,786 a saman layin ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, yana juyawa daidai da juyawar duniya shi ya sa yake kaman bai motsi. Wannan kuwa wucewa yake, ya fito ta ƙuryar arewacin duniya ya gangaro kudu ta ɓangaren da rana take yana ɗaukar hoto, ya zagaya ta bayan duniya inda dare yake ya sake haurawa arewa. Kafin ya dawo duniya ta juya a ƙarƙashinsa wajen digiri 25, kusan kilomita 2,800 kenan a ikwaita, sai ya faɗo a kan wani sabon yanki can yamma. Motar abokina ko da tana da girman da za a gan ta, sai in ta dace tana fake a 'yan sakannin da ya gifta.

Abin da ya fi burge ni, wanda sai da na yi wata da watanni kafin ya zauna min a kai, shi ne lokaci. Duk inda ya ratsa ikwaita yana gangarowa, ƙarfe 10:30 na safe ne a agogon rana na wurin. Yau haka, wata shida masu zuwa haka, shekara biyar haka. Kuma ba da mai yake yin wannan ba, dabara ce. Duniya ba ƙwallo ce sak ba, tana da ɗan tumbi a tsakiya, faɗinta ta ikwaita ya fi tsayinta daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu da wajen kilomita 43, wannan tumbin yana jan duk abin da ke zagaya ta a karkace har hanyar zagayen ta riƙa murɗawa a hankali. Sai injiniyoyi suka zaɓi karkatar digiri 98.62, wato ya ɗan zarce tsaye ya kwanto baya kaɗan, a wannan nisan da wannan karkatar murɗawar tana zuwa kusan digiri ɗaya a rana, 360 a shekara, daidai da tafiyar duniya a kewayen rana. Shikenan sai hanyar ta riƙa bin rana da kanta. Ɗan man da yake ƙonawa na gyaran hanya ne da kauce wa tarkacen sama.

Me ya sa 10:30 ba tsakar rana ba? Sabida a wurare da yawa gajimare da rana yake taruwa, in ka jira azahar ka makara, in kuma ka yi sammako da yawa hasken bai isa ba inuwa ta yi tsawo. Sannan lokacin ya yi kusa da na taurarin Landsat na Amurka dan a iya haɗa hotunan. Amfaninsa a wurin mai aiki babba ne, in na ɗauko hoton watan Maris na bana da na Maris ɗin bara na jera su, inuwar duwatsu da ta gine-gine ta faɗi gefe ɗaya da tsawo kusan ɗaya, dan haka bambancin da na gani a ƙasa yake, ba rana ce ke min wasa da ido ba.

Sai lissafin da ya fi min daɗi, wanda kowa zai iya yi a kalkuletan wayarsa. Tauraro ɗaya yana zagaye 143 cif a kwana 10 sannan ya dawo kan sawunsa na farko. Kewayen duniya a ikwaita kilomita 40,075 ne. Raba shi gida 143, za ka samu wajen kilomita 280 tsakanin sawu da sawu. Faɗin abin da kyamarar ke sharewa a wucewa ɗaya kuma kilomita 290 ne. Ka ga kenan ba a bar rata ba, har da ɗan rarar kilomita 10 da gefe ke hawa kan gefe, kaman mai fenti da ke ɗora burushi a bakin inda ya shafa ɗazu. Da aka sa na biyu a hanya ɗaya amma a ɗaya gefen duniyar, digiri 180 tsakaninsu, kwana 10 ya koma kwana 5. Kuma da yake sawayen suna matsowa kusa da juna in ana nisa da ikwaita, a digiri 60 arewa tazarar ta ragu zuwa rabi, wajen kilomita 140, sai wuri ɗaya ya riƙa shiga hoto ta sawu biyu, shi ya sa masu aiki a kan Turai ko Kanada suke samun hoto duk kwana biyu zuwa uku, mai duba wuri kusa da ikwaita kuwa kwana biyar ɗinsa zai jira sai in wurin ya faɗo a bakin sawu biyu. Na taɓa jin wani yana cewa son kai ne Turawa suka yi, wallahi ba haka ba ne, siffar ƙwallo ce kawai ta jawo.

Amma kwana biyar ɗin nan a takarda ne fa. Kyamara ce mai dogaro da hasken rana, ba ta huda gajimare. Na taɓa bin wani yanki mai yawan ruwan sama wata uku cur, hotuna kusan 18 suka shigo, uku kacal na iya amfani da su, sauran fari fat kaman an shimfiɗa auduga, kuma abin takaicin lokacin da shuka ke girma ka fi buƙatar hoton lokacin ne sama ke rufewa. Rabin makin da na cire daga nan ne, duk da na san ba wanda ya yi laifi.

Kyamarar sunanta MSI. Ba irin ta waya ba ce da ake ƙyastawa a samu hoto guda, layi ne na na'urorin gani a jere a faɗin kilomita 290 ɗin nan, tafiyar tauraron ce ke tura layin gaba yana zana hoton kaɗan-kaɗan kaman na'urar sikanin. Tana raba haske gida 13, ni zango nake ce musu kaman yadda muke cewa gajeren zango a rediyo, daga nanomita 443 har 2190 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), idon mutum kuwa a wajen 700 yake tsayawa. Huɗu daga ciki kowane ɗigo mita 10 ne a ƙasa: shuɗi B2, kore B3, ja B4, da infared na kusa B8, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido bai gani. Shida mita 20 ne. Uku kuma mita 60, waɗannan ba dan kallo aka yi su ba, na auna ƙura da hayaƙi ne da tururin ruwa da siririn gajimaren nan na can ƙololuwa wanda ido bai cika gani ba amma yana ɓata lissafi.

Mita 10 ɗin nan ka tsaya ka auna shi a ranka. Ɗigo ɗaya fili ne mai mita 10 tsawo mita 10 faɗi, duk abin da ke ciki, itace ne, mota ce, rufi ne, an dama su sun zama launi ɗaya. Hekta ɗaya ɗigo 100 ce. Filin ƙwallo wajen ɗigo 70. Jirgin ruwan nan Ever Given da ya tokare mashigin Suwez a Maris 2021, mai tsawon mita 400, ɗigo 40 ne a tsaye wajen shida a kwance, ka koma ranakun a burauzar za ka gan shi ya gicciye a mashigin, amma ba za ka karanta rubutun jikinsa ba. Mai son ganin mota sai ya nemi irin tauraron WorldView-3 na 'yan kasuwa mai ɗigon santimita 31, sai dai shi faɗin shararsa wajen kilomita 13 ne kawai, sai an juya shi an saita wurin da aka yi oda, kuma biya ake. Abin da abokina bai sani ba shi ne hoton rufin gidansu da yake gani tas a Google Earth irin waɗannan taurarin ne ko jirgin sama suka ɗauka, kuma zai iya yin shekara ɗaya ko biyu ko fi da ɗauka. Nawa mai dishi-dishi na shekaranjiya ne. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, in kana son faɗi da yawan dawowa dole ka haƙura da kaifi.

Inda Sentinel-2 ke nuna kansa shi ne a hasken da ido bai gani. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske dan haɗa abincinsa, infared na kusa kuma yana watso shi waje da ƙarfi, in ka sa B8 a gurbin ja sai duk wani tsiro ya fito jawur, ruwa ya yi baƙi, gari ya yi toka-toka. Ranar farko da na gwada a kan gonakin nan masu da'ira na hamadar arewacin Saudiyya, na ga jajayen kwabbai an jera su a kan rairayi, wasu sun cika jawur wasu rabi an girbe wasu sun dushe, na fi awa ɗaya ina ja da baya wata-wata ina kallon yadda suke kunnuwa suna mutuwa. Daga nan ake fitar da ma'aunin NDVI, B8 a cire B4 a raba da jimillarsu, in ya doshi ɗaya ganye ya yi lif, in ya doshi sifili ƙasa ce tsirara. Akwai kuma zango uku B5 da B6 da B7 a daidai gaɓar da ja ke shiga infared, su ne ke saurin nuna shuka ta fara wahala tun ido bai ga ta yi rawaya ba, kuma Landsat 8 da 9 ba su da su.

B11 da B12 kuwa, zangunan infared masu tsawo, na danshi ne da wuta. Je tsibirin La Palma na Sifaniya, ka saita kwanan wata ƙarshen Satumba 2021 bayan dutsen Cumbre Vieja ya fara aman wuta ranar 19 ga watan, a launin ido hayaƙi da toka za ka fi gani, ka juya zuwa haɗin da ke da B12 sai narkakken dutsen ya fito kaman an ja layi da garwashi tun daga bakin ramin har teku. Haka gobarar daji, hayaƙi yana tare hasken ido amma wannan dogon zangon yana ratsa shi ya nuna maka bakin wutar, bayan ta mutu kuma ya nuna iyakar inda ta cinye.

Shi shafin kansa, Copernicus Browser, na cikin Copernicus Data Space Ecosystem wanda ya maye gurbin tsohon wurin saukewa da aka rufe a ƙarshen 2023, kuma duk wanda ya yi zamani da tsohon zai gaya maka an samu sauƙi. Kallo ba ya buƙatar rajista, ka buɗe ka nemo wuri ka zaɓi rana, kalandar tana nuna ranakun da akwai hoto, akwai wani ɗan maja da za ka ce kada a nuna maka ranar da gajimare ya wuce kashi kaza. Haɗe-haɗen launin da na ambata duk an riga an shirya su a gefe, dannawa ɗaya ne. In ka buɗe akawun, shi ma kyauta, sai a ba ka damar sauke hoto da haɗa gajeren bidiyon yadda wuri ya sauya cikin watanni, da zana iyakar fili a fitar maka da jadawalin NDVI ɗinsa na shekara, da raba allo biyu ka ja tsakiya kana kwatanta jiya da yau. Wanda ya iya ɗan rubutun JavaScript, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi, zai iya haɗa nasa launin. Hoton da aka ɗauka da safe galibi ranar ko washegari ya shigo, dan tauraron na sauke kayansa a tashoshin ƙasa irin na Svalbard a Norway da Matera a Italiya da Maspalomas a Sifaniya, yana kuma iya harba su da hasken leza zuwa wani tauraron da ke sama da shi ya miƙo ƙasa. A kwamfuta ya fi daɗin aiki, a waya yana buɗewa amma allon ya yi kaɗan wa maɓallan. Akwai ƙayyadadden kason aiki na wata ga akawun ɗin kyauta, ni dai ban taɓa cinye nawa ba.

Saukewa ce sai ka shirya. An yanka duniya tayil-tayil, kowanne wajen kilomita 110 ta kowane gefe da lambarsa, zango ɗaya na mita 10 a tayil guda ɗigo 10,980 ne sau 10,980, sama da miliyan 120 kenan, dan haka cikakken fayil ɗaya yana kai megabait ɗari bakwai, takwas, wani har gigabait guda. Akwai daren da na bar guda huɗu suna sauka na kwanta, da asuba na tarar intanet ɗina ya yanke a na biyu, data ta tafi aiki bai yi ba. Tun daga nan na daina kwaso tayil gaba ɗaya in fili kaɗan nake so, ina zana wurin a burauzar in zaɓi zango biyu ko ukun da nake buƙata in sauke su kaɗai, 'yan megabait ne. Cikakken fayil ɗin kuma in ka buɗe shi folda ce cikin folda cikin folda da sunaye masu tsawon tsiya, sabon shiga zai ruɗe, amma manhajojin aikin taswira QGIS da SNAP duk suna karanta shi kuma su ma kyauta ne.

Za ka ga iri biyu, L1C da L2A. Na farko hasken ne yadda ya iso wa tauraron bayan ya ratso iska da ƙura, shi ya sa yake da ɗan shuɗin hazo a fuska. Na biyu an yi lissafi an cire tasirin iskar an bar abin da ƙasa ta haskaka, an kuma haɗo da taswirar da ke cewa wannan ɗigon gajimare ne, wannan inuwarsa ce, wannan ruwa, wannan tsiro. In kwatanta ranaku za ka yi L2A za ka ɗauka, kada ka gauraya su. Taswirar gajimaren tana taimakawa amma kada ka miƙa mata wuya, takan ɗauki farin rufi ko busasshen gishiri ko rairayi mai ƙyalli a matsayin gajimare, takan kuma ɗauki inuwar gajimare a matsayin ruwa, sai ka haɗa da idonka.

Bari in faɗi kwaɓar da na yi da hannuna dan kada wani ya maimaita. Lambobin da ke cikin fayil ba su ne ainihin hasken ba, sai an raba da 10,000. Daga 25 ga Janairu 2022 aka sauya tsari aka ƙara 1,000 a kan kowace lamba, wanda dole ka cire kafin ka raba, an rubuta wannan ɓaro-ɓaro a takardun bayani da cikin fayil ɗin kansa, ni ne ban karanta ba. Na haɗa tsofaffin fayilolin da ke kwamfutata da sababbi na fitar da jadawali, sai na ga wai duk tsirran yankin sun rame lokaci ɗaya. Duba lissafin: fili mai ja 500 da infared 4,000, NDVI ɗinsa 3,500 a raba da 4,500, wato 0.78, shuka lafiya lau. In ba ka cire dubun ba lambobin sun zama 1,500 da 5,000, sai ka samu 3,500 a raba da 6,500, wato 0.54. Fili ɗaya, rana ɗaya. Saura ƙiris in tura rahoto in ce an yi fari, Allah ya taimake ni na lura har dajin da ba ya kaɗe ganye ya faɗi daidai wannan adadin a daidai wannan makon, na ce a'a, wannan ba daga sama ba ne daga wurina ne. In a cikin burauzar kake aiki an riga an daidaita maka, matsalar ta mai sauke ɗanyen fayil ce, kuma da yake an sake sarrafa tsofaffin hotunan daga baya kada ka dogara da shekarar hoto, buɗe fayil ɗin bayanin ka duba.

Sauran abubuwan da ba ya yi, gara ka sani tun wuri. Ba ya auna zafi, ba shi da zangon da ke jin ɗumin ƙasa, wutar da B12 ke gani sai mai tsananin zafi irin gobara ko aman dutse. Ba ya aikin dare. Tsakiyar teku ba ta cikin aikinsa na kullum, ƙasa ce daga wajen digiri 56 kudu zuwa sama da 80 arewa, da ruwan gaɓa da tsibirai da tekun Bahar Rum. Kuma tarihinsa daga 2015 ya fara.

A nan ne Landsat ke shigowa, dan ni ban ɗauke su kishiyoyi ba. Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 suna kilomita 705, faɗin shararsu 185, kowanne kwana 16 yake dawowa, su biyun kwana 8, ɗigonsu mita 30 ne, wato ɗigo ɗaya nasu tara ne na Sentinel-2. A kaifi da yawan dawowa an bar su a baya. Amma suna da na'urar zafi, kuma zuriyarsu tun 1972 take ɗaukar hoto, in kana son ganin yadda tekun Aral ya janye ko yadda wani birni ya cinye gonakin gefensa cikin shekara arba'in can za ka je, ta shafin EarthExplorer, su ma kyauta tun 2008. In gajimare ne ya hana ka sakat kuma sai ɗan'uwansa Sentinel-1, wanda ke cikin burauza ɗaya, shi rada yake harbawa ya saurari dawowarta, ba ruwansa da dare ko hadari, ambaliya tana fitowa baƙi ƙirin a hotonsa. Sai dai karanta shi sai an koya, farkon gani kaman talabijin ɗin da eriyarsa ta faɗi.

Wa zan ce ya gwada? Ɗalibin labarin ƙasa ko aikin gona ko muhalli, mai bibiyar manyan gonaki ko daji ko madatsar ruwa, ɗan jaridar da ke son tabbatar da cewa an yi gobara ko ambaliya a wuri kaza ranar kaza. Filin da bai kai rabin hekta ba kuwa ɗigon gefe-gefe za su gauraye da na maƙwabta, abin da zai rage maka na tsakiya ba yawa. Mai neman iyakar fuloti ko ƙirga motoci kada ma ya ɓata datarsa.

Abokin nawa ya sake dawowa bayan kwana biyu, na ce zo ka ga wani abu tunda mota ta gagara. Na kai shi kusa da filin jirgin saman Heathrow na Landan a wata rana da sama ta washe, na yi zumin a kan gonakin da ke gefen, sai ga ɗigo uku a jere, shuɗi da kore da ja, kaman an yar da duwatsun ado. Ya ce menene wannan. Jirgi ne guda ɗaya. Zangunan kyamarar ba a lokaci ɗaya suke kallon wuri ba, suna jere ne ɗaya bayan ɗaya, tsakanin shuɗi da ja akwai wajen sakan guda, abin da ke tsaye a ƙasa an daidaita shi ya hau kan juna, amma jirgin da ke sama yana gudu kafin ja ya gan shi ya bar inda shuɗi ya gan shi. Har manyan motoci a kan babbar hanya suna barin irin wannan ɗan bakan gizon in ka ƙura ido. Ya karɓe linzamin kwamfutar daga hannuna ya ce matsa, ya shiga farautar jirage, da na dawo daga sallar la'asar ya ƙirga goma sha ɗaya yana neman na sha biyu a saman Dubai.